Darasi na 14: Ƙiyasta Ƙarfin Girgizar Ƙasa Cikin Daƙiƙa Uku

A farkon watan Satumba na 2018, mazauna Mpape da wasu sassan Maitama a Abuja sun shafe kwanaki suna jin ƙasa tana motsi a ƙarƙashinsu. Tagogi na kaɗawa, kwanon rufi na ƙara, har wasu suka kwashi iyalinsu suka bar unguwar. Ba a rasa rai ba. Hukumar birnin tarayya ta dakatar da fasa dutse da haƙar rijiyar burtsatse a yankin na wani lokaci. Shekara biyu kafin nan, a Satumban 2016, mutanen Kwoi da ke ƙaramar hukumar Jaba a Jihar Kaduna sun ga irin wannan, har bangon wasu gidaje ya tsattsage. A Satumban 2024 Mpape ta sake motsawa, na'urori suka auna mafi ƙarfin motsin a kan maki 3 ko kusa da haka.

Daga Suleja zuwa Mpape, idan aka miƙe sak ba a bi kwalta ba, kimanin kilomita 35 ne. Da yawa daga cikinku kullum sai kun wuce ta gindin Dutsen Zuma zuwa wurin aiki ko kasuwa a Abuja. Saboda haka ba tambayar banza ba ce idan ɗan aji ya ce: da a ce motsin babba ne, akwai wanda zai iya sanar da mu kafin ya iso? A wasu ƙasashe ana yin haka. Amma aikin ya rataya ne a kan wani lissafi mai wuyar gaske, wato gane girman girgizar tun tana farawa, kuma shi za mu koya yau.

Gargaɗi daban, duba daban

Mu fara kawar da wani ruɗani. Har yau babu masani, babu na'ura, babu hukumar da ke iya cewa ranar kaza da ƙarfe kaza za a yi girgizar ƙasa a wuri kaza. A Janairun 2010 wani saƙon waya na ƙarya ya zagaye ƙasar Gana cewa girgiza na tafe cikin dare, mutane suka fito suka kwana a fili, gari ya waye ba abin da ya faru. Duk saƙon WhatsApp da ya zo muku da rana da lokaci, ku ajiye shi a gefe.

Gargaɗin gaggawa wani abu ne daban. Girgizar ta riga ta fara a can inda ta fara. Abin da ake yi shi ne tsere da ita. Motsin ƙasa yana tafiyar 'yan kilomitoci a daƙiƙa ɗaya, wato sakan ɗaya, shi kuwa saƙon rediyo yana tafiyar kusan kilomita 300,000 a daƙiƙar. Idan na'ura ta ji motsin kusa da tushensa ta aika saƙo, saƙon zai riga motsin isa gari mai nisa. Dabarar tsohuwa ce. Tun 1868 wani likita mai suna J. D. Cooper ya ba da shawara a wata jaridar San Francisco ta Amurka cewa a kafa na'urori a wajen birni, a haɗa su da wayar tangaraho, su buga babbar ƙararrawa a tsakiyar gari. Sai da aka haura shekara ɗari kafin kayan aikin su samu.

Motsi biyu, ɗaya na gaba da ɗaya

Dutsen da ke ƙarƙashin ƙasa yana da tsagogi. Ɓangarori biyu na tsaga suna matse da juna, ƙarfi yana taruwa shekaru aru-aru, ranar da matsin ya fi ƙarfin riƙon sai ɓangare ɗaya ya zame. Wannan zamewar ita ce girgizar ƙasa. Daga wurin da ta fara, motsi iri biyu ke fita ta cikin dutse.

Na farko masana suna kiransa motsin P. Turawa yake yi yana ja, gaba da baya, yana tafiyar kimanin kilomita 6 a daƙiƙa. Ba shi da ɓarna sosai. Sau da yawa mutum yakan ji shi kamar bugu ɗaya ko rugugi. Na biyu shi ne motsin S, mai jijjiga ƙasa gefe da gefe, yana tafiyar kimanin kilomita 3.5 a daƙiƙa. Shi da motsin da ke bin bayansa ta saman ƙasa su ne masu rushe gini.

Tun da tare suka tashi amma gudunsu ba ɗaya ba, tazarar da ke tsakanin isowarsu tana faɗin nisa. Ƙa'idar mai sauƙi ce: a ƙirga daƙiƙun da ke tsakanin isowar P da isowar S, a ninka sau 8, a sami nisan a kilomita. Tazarar daƙiƙa 5 tana nufin kimanin kilomita 40. Idan tashoshi uku ko huɗu suka ji motsin, kwamfuta tana kwatanta lokacin da ya isa kowacce ta fitar da inda ya taso. Wannan ɓangaren aikin ba shi ne mai ba da wahala ba.

Akwai wani amfani da ya shafe mu kai-tsaye, mu da muke zaune tsakanin wuraren fasa dutse. Nakiya tana fashewa a saman ƙasa, tana tura dutse waje ta kowane gefe, don haka duk tashoshin za su ga motsin farko a matsayin turi. Zamewar tsaga kuwa tana faruwa kilomitoci a ƙarƙashin ƙasa, wasu tashoshi su ga turi, wasu su ga ja. Da wannan da wasu alamomi ake raba gardamar ko masu fasa dutse ne suka sa nakiya ko ƙasa ce ta motsa da kanta.

Me ake nufi da maki?

Kun saba ji a rediyo ana cewa girgizar ƙasa mai ƙarfin maki kaza a ma'aunin Richter. Charles Richter ne ya fito da ma'aunin a 1935 a Kaliforniya. Yau an fi amfani da wani ma'auni da Thomas Hanks da Hiroo Kanamori suka tsara a 1979, wanda ke duba faɗin wurin da ya tsage da kuma nisan zamewar da dutsen ya yi. 'Yan jarida dai sun riƙe sunan Richter, ba kuma laifi.

Abin da ya kamata ku riƙe shi ne maki ba kamar mudun hatsi ake ƙirga shi ba. Ƙarin maki ɗaya yana nufin ƙarfin da ya fita ya ninka kusan sau 32. Ƙarin maki biyu, sau 1,000. Girgiza mai maki 5 ta ninka ta Mpape mai maki 3 sau dubu, mai maki 7 kuma ta ninka ta sau miliyan. Wanda ya yi kuskuren maki ɗaya da rabi a ƙiyasinsa bai yi ƙaramin kuskure ba. Kuma maki yana faɗin girman abin da ya faru a tushe ne kawai. Abin da ku za ku ji a ɗakinku ya danganta da nisanku, da zurfin tushen, da irin ƙasar da gidan ke kai. Gidan da ke kan fadama ko cikon ƙasa ya fi jijjiga a kan wanda ke kan dutse.

Daƙiƙa uku na farko

A da, sai girgiza ta gama, an tattara rubutun na'urori daga wurare da dama, sannan a zauna a fitar da makinta. Mai gargaɗi ba shi da wannan sararin. Abin da ke hannunsa shi ne 'yan daƙiƙun farko na motsin P, galibi uku ko huɗu, daga tasha ɗaya ko 'yan tashoshi. Daga nan zai yi kirdado.

Abu biyu yake dubawa. Na ɗaya, tsawon kowace kaɗawa. Ƙaramar girgiza takan zo da kaɗawa gajeru masu saurin karkarwa, babba kuwa takan zo da kaɗawa masu tsawo, a hankali, domin faffaɗan wuri ne ke motsawa. Injiniyan Japan Yutaka Nakamura ya gina na'urarsa mai suna UrEDAS a kan wannan, aka sa ta tsaron jiragen ƙasa masu gudun tsiya na Shinkansen tun farkon shekarun 1990. A 2003 Richard Allen da Kanamori suka nuna cewa dabarar za ta yi aiki a Kaliforniya. Na biyu, nisan da ƙasa ta gusa a cikin waɗannan daƙiƙu, ko da ɗan abin da bai kai kaurin gashi ba ne. Idan aka san nisan tashar daga tushe, aka san yawan gusawar, sai a kwatanta da dubban girgizoji da aka riga aka auna a baya, a ce wannan ta yi kama da masu maki kaza. Da ƙarin tashoshi suka ji, sai kwamfuta ta gyara ƙiyasin, kowace daƙiƙa.

Ga ƙananan girgizoji da matsakaita, har zuwa maki 6 da ɗoriya, wannan lissafi yana kusantar gaskiya ƙwarai. Daga maki 7 zuwa sama yake fara gazawa, kuma dalilin gazawar shi ne zuciyar darasinmu.

Ku tuna mai sayar da yadi a kasuwar IBB. Yakan ɗan tsaga bakin yadin da almakashi, sannan ya ja da hannu, yagewar ta bi zare ta tafi. Wanda ke bayan shago yana jin ƙarar farkon yagewar ba zai iya cewa taƙi ɗaya za ta yi ta tsaya ba, ko kuwa sai ta kai ƙarshen faɗin yadin. Tsagar dutse haka take. Ba duka take ɓallewa lokaci guda ba. Daga wuri ɗaya take farawa, ta riƙa gudu da kilomita 2 zuwa 3 a daƙiƙa har sai ta ci karo da abin da zai tsayar da ita. Girgiza mai maki 6 tsagarta kamar kilomita 10 ce, cikin 'yan daƙiƙu ta gama. Mai maki 7 takan kai kilomita 40 ko 50. Mai maki 9 takan yi ɗaruruwan kilomitoci, ta ɗauki mintuna. To, a daƙiƙa uku na farko, duk girman da girgiza za ta yi, abin da ya tsage bai kai kilomita 10 ba. Na'urar ba ƙarya take yi ba idan ta ce maki 6 da wani abu. A lokacin da ta yi magana, iyakar girman girgizar ke nan.

Hausawa na cewa Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta. Masana sun daɗe suna jayayya a kan ko girgizar ƙasa tana bin wannan karin magana. Wasu sun ce babbar girgiza tana da irin tata farawa, idan an kasa kunne da kyau za a gane ta. Wasu suka tara rubutun girgizoji masu yawa suka nuna cewa mai maki 7 da mai maki 8 farkonsu kusan iri ɗaya ne, sai can gaba suke rabuwa. Hujjar ɓangare na biyu ta fi nauyi a yau, kuma abin da ya faru a zahiri ya goyi bayansu.

Inda kirdado ya gaza

Japan ta fara aika gargaɗi ga jama'a ta talabijin da rediyo a Oktoban 2007, wayoyin hannu suka biyo baya. Ranar 11 ga Maris 2011 tsaga ta ɓalle a ƙarƙashin teku, gabas da yankin Tohoku. Daƙiƙa 8.6 bayan tashar farko ta ji motsin P, gargaɗi ya fita da ƙiyasin maki 7.2. Mutanen birnin Sendai da ke yankin sun sami 'yan daƙiƙu, jiragen Shinkansen suka taka birki, ba fasinjan da ya mutu a cikinsu. Nan tsarin ya yi aikinsa. Amma tsagar ta ci gaba da gudu kusan minti uku, ta yi tsawon ɗaruruwan kilomitoci, girgizar ta ƙare a maki 9. Tsakanin 7.2 da 9 akwai ninki kusan 500. Yankin Tokyo ya jijjiga sosai ba tare da gargaɗin ya haɗa da shi ba. Mafi muni, sanarwar farko ta igiyar ruwan tsunami an gina ta a kan maki 7.9, ta ce ruwan zai kai mita 3 a wasu gaɓoɓi, mita 6 a wasu. Ruwan da ya zo ya haura mita 10 a wurare da yawa. Mutane fiye da 18,000 suka mutu ko suka ɓace, akasarinsu a ruwan.

Kamfanin Google ya bi wata hanya. Kowace wayar Android tana da ɗan abin da ke jin motsi, wanda ke juya hoton allo idan kun karkata wayar. Idan wayoyi da yawa da ke ajiye a gari ɗaya suka ji motsi lokaci guda, kwamfutocin kamfanin sukan ƙiyasta wuri da maki su aika gargaɗi. Tsarin yana aiki a ƙasashe kusan ɗari. Ranar 6 ga Fabrairu 2023, da ƙarfe 4:17 na asuba, girgiza mai maki 7.8 ta auka wa kudancin Turkiyya da arewacin Siriya. Tsarin ya ƙiyasta ta tsakanin maki 4.5 da 4.9. Saboda haka babban gargaɗin, mai ƙarar da ke tashin mai barci, wayoyi 469 kawai ya isa, a yankin da miliyoyin mutane ke kwance. Sama da mutum 50,000 suka rasu. Kamfanin ya amsa wannan gazawa a 2025, ya ce ya gyara lissafin.

Kuskuren yana iya juyawa ta ɗaya gefen. Ranar 8 ga Agusta 2013 wayoyi suka yi ta kuka a yammacin Japan cewa girgiza mai maki 7.8 ta taso a Nara, aka tsayar da jirage. Ashe ƙaramar girgiza ce mai maki 2.3 ta zo daidai da lokacin da wata na'ura a ƙarƙashin teku ta sami tangarɗa, kwamfuta ta haɗa biyun ta ɗauka abu ɗaya ne. Mai tsara irin wannan aiki kullum yana tsakanin wuta biyu. In ya jira ya tabbatar, daƙiƙun sun tafi. In ya yi gaggawa, wata rana zai tayar da hankalin gari a banza, kuma mutanen da aka firgita sau uku ba dalili, a na huɗu ba za su tashi ba. A ganina gara a karkata wajen gaggawa, muddin abin da ake so mutum ya yi bai wuce ya durƙusa ya kare kansa ba, domin asarar hakan kaɗan ce. Inda za a tsayar da tiyata ko a kashe injin wutar lantarki, can ne ake bukatar ƙarin tabbaci. Su Japanawa, tun 2018, sun ƙara wata dabara da ba ta damu da maki ba sam: idan tasha ta ji jijjiga mai tsanani, nan take a gargaɗi garuruwan da ke kewaye da ita, ko daga ina motsin ya taso.

Lissafin Suleja

Yanzu mu ɗauki alli. A ce tsaga ta ɓalle a ƙarƙashin Mpape, kuma akwai tasha daidai wurin. Motsin S zai iso Suleja cikin 35 a raba da 3.5, daƙiƙa 10 ke nan. Motsin P yana bukatar kamar daƙiƙa 2 ya haura daga zurfi zuwa tashar. Na'ura ta saurara daƙiƙa 3. Lissafi da aika saƙo su ci wasu 2, in hanyar sadarwa ba ta yi gardama ba. Saura daƙiƙa 3. Mutanen Mpape kansu, da Maitama, da Katampe, ba za su sami komai ba, motsin zai riga saƙon. Kowane tsarin gargaɗi yana da irin wannan da'ira a tsakiya da ba ya iya taimaka wa, kuma a cikinta ɓarna ta fi yawa.

Birnin Meziko ya fi kowa sa'a a wannan fanni, domin manyan girgizojin da ke damunsa daga gaɓar teku suke tasowa, nisan fiye da kilomita 300. Bayan bala'in girgizar da ta auka wa birnin a 1985 suka jera na'urori a gaɓar Guerrero, kuma a Satumban 1995 birnin ya sami gargaɗin daƙiƙa 72. Amma ranar 19 ga Satumba 2017 girgiza mai maki 7.1 ta taso daga cikin ƙasa, kimanin kilomita 120 daga birnin, ƙararrawa da jijjiga suka iso kusan tare.

Daƙiƙa ukun da suka rage wa Suleja ba su isa gudu ba, kuma gudu a kan bene lokacin jijjiga shi kansa haɗari ne. Sun isa mutum ya durƙusa, ya shiga ƙarƙashin tebur mai ƙarfi ko ya kare kansa da wuyansa da hannu, nesa da taga da kabad. Sun isa uwa ta janye yaro daga gaban murhu. Wanda ke tsakar gida ya matsa daga jikin katanga da ƙarƙashin tankin ruwa.

Najeriya tana da tashoshin auna girgiza. Cibiyar da ke Toro a Jihar Bauchi, ƙarƙashin hukumar binciken sararin samaniya ta NASRDA, tana kula da tashoshi a Toro da Kaduna da Ile-Ife da Nsukka, hukumar binciken ƙasa ta NGSA kuma tana da tasha a Katampe. Aikinsu rubuta abin da ya faru ne da nazarinsa. Gargaɗi cikin daƙiƙu yana bukatar tashoshi ɗaruruwa a kusa da juna, da wuta da sadarwa da ba sa yankewa dare da rana. Ƙasarmu tana nesa da bakin manyan faifan dutsen da ɓawon duniya ya kasu a kansu, inda girgiza ta fi yawa, don haka ba abin mamaki ba ne da ba a kashe wannan kuɗi ba. Sai dai nesa ba kariya ba ce. Akwai tsohuwar tsaga da masana ke bibiya daga Ifewara a Jihar Osun har zuwa Zungeru a nan jiharmu, jihar da ke ɗauke da madatsun Kainji da Shiroro da Zungeru. Girgiza ta kashe mutane a Accra a 1939, ta kashe ɗaruruwa a arewa maso yammacin Gini a Disamban 1983. Ta Maroko ta Satumban 2023, mai maki 6.8, ta kashe kusan mutum 3,000, yawancinsu a ƙauyukan da ginin ƙasa da dutse ya rufta musu, a kusa da tushen, inda ba gargaɗin da zai riga motsi.

A wuri irin namu, abin da ke hannun magidanci ya fi abin da ke hannun na'ura. Bulon da aka cika wa yashi don buhu ɗaya ya yi yawa, ginin da aka ɗora wa bene ba tare da an duba tushensa ba, rodin da aka rage a ginshiƙi, katangar da ba a ɗaure samanta da kankare ba, duk waɗannan suna faɗuwa ko a damina mai ƙarfi, balle ƙasa ta motsa. Magina da ke cikin ajin nan sun fi ni sanin inda ake rage kaya, da kuma wanda yakan ce a rage.

Aikin aji

1. Wata tasha ta ji motsin P, bayan daƙiƙa 12 ta ji motsin S. Kilomita nawa ne tsakaninta da tushen girgizar?

2. Daga Kwoi zuwa Suleja kimanin kilomita 95 ne a miƙe. Idan girgiza ta taso a Kwoi, kuma aka ɓata daƙiƙa 7 kafin saƙo ya fita, daƙiƙa nawa za su rage wa mutanen Suleja?

3. Na'ura ta ce maki 5, daga baya aka tabbatar maki 7 ne. Sau nawa ƙarfin gaskiya ya ninka wanda aka ƙiyasta? Ku bayyana da bakinku dalilin da ya sa irin wannan kuskure ya fi faruwa ga manyan girgizoji.

4. Ku kasu gida biyu. Ɓangare ɗaya ya kare aika gargaɗi da zarar tasha biyu sun ji motsi, ɗayan ya kare jira sai tasha huɗu sun ji. Kowane ɓangare ya faɗi wanda zai cutu idan ra'ayinsa ya kuskure.